Ƙwallon balazur na Indiya: me aka gwada, a kan wa, me aka samu?

Malam_Tsirrai:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tattauna kan wani ƙwallo da masu maganin gargajiyar Indiya, wato Ayurveda, suke ji da shi ƙwarai. Da harshen Sanskrit sunansa bhallataka, da Hindi bhilawa, Larabawa suna ce masa balazur, masana tsirrai kuma Semecarpus anacardium. Dangin yazawa da mangwaro ne. Bishiyar tana fitowa a dazukan tsakiyar Indiya da gindin duwatsun Himalaya. Ƙwallon baƙi ne mai sheƙi, tsawonsa kamar santimita 2 zuwa 2.5, yana zaune a kan wata tsoka mai ruwan lemo, kamar dai yadda ƙwallon yazawa yake zaune a kan tsokarsa. A cikin ɓawonsa akwai 'yan ramuka cike da wani mai mai kauri, shi ne tushen maganar baki ɗaya. Ana cewa yana maganin amosanin gaɓɓai, basir, cututtukan fata, tsutsar ciki, yana ƙara kaifin hadda da ƙarfin namiji, wasu har sankara suke ƙarawa. Tambayata: a cikin waɗannan, wanne ne aka gwada, a kan wa aka gwada, kuma me aka samu?

Malamar_Kemistiri:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a je ga amfani, a fara sanin abin da ke cikin man nan. Tun 1931 masana biyu, Pillay da Salimuzzaman Siddiqui, suka ware babban sinadarinsa suka sa masa suna bhilawanol. Ɗan'uwan urushiol ne na jini, sinadarin da ke cikin tsiron nan na Amurka mai sa mutane ƙuraje da bororo. Ginin iri ɗaya ne: kai na wani sinadari da ake kira catechol, da doguwar jela mai ƙwayar kabon 15. Jelar ce take sa shi narkewa a mai ya ratsa fata, kan kuma shi ne yake manne wa furotin ɗin fata. Ban da shi akwai wani rukuni daban da ake kira biflavonoid, wanda aka fi nazari a cikinsu shi ne tetrahydroamentoflavone. Don haka idan aka ce "an gwada balazur", sai a tambaya: man ɓawon ne, ko ƙwayar ciki, ko tatacce a madara, ko sinadari guda da aka ware? Abubuwa huɗu ne, kuma ba su yin aiki iri ɗaya.

Ɗan_Damagaram:
Gaskiya ne Malama. Kuma ba duk jikinsa ne guba ba. Tsokar nan mai ruwan lemo ana cin ta idan ta nuna, ko a gasa ko a busar. Ƙwayar ciki ma ana cin ta, a jihar Maharashtra suna ce mata godambi. Wahalar tana wajen fasawa. Matan da ke sana'ar fasa shi hannayensu da fuskokinsu ne suke shan ƙuna da baƙin tabo, domin man yana fantsama duk lokacin da aka buga ƙwallon.

Likitan_Gaɓɓai:
Malam_Tsirrai, bari in fara da amosanin gaɓɓai, domin a nan ne ake da abin kamawa a kan mutane. A 2012 mujallar Clinical Rheumatology ta buga gwajin da Dakta Arvind Chopra na birnin Pune da abokan aikinsa suka yi. Marasa lafiya 121 masu amosanin nan da garkuwar jiki take cin gaɓɓai, aka raba su gida uku ta hanyar ƙuri'a, aka bi su mako 24. Gida ɗaya ya sha haɗin tsirrai mai citta da wani tsiro da ake kira guduchi, gida na biyu ya sha maganin balazur shi kaɗai, na uku ya sha hydroxychloroquine, maganin asibiti na wannan ciwo. Ma'aunin da aka duba shi ne mutum nawa suka sami sauƙin aƙalla kashi 20 cikin ɗari a yawan gaɓɓan da ke ciwo da kumburi da sauran alamomi. Masu hydroxychloroquine kashi 51 suka kai, masu haɗin citta kashi 44, masu balazur kashi 36. Shi ne na ƙarshe a cikin ukun.

Akwai abubuwa uku da suke rage wa ko wannan 36 ɗin nauyi. Babu gidan da aka ba maganin bogi, don haka ba a ware abin da lokaci da sa rai suka yi ba, alhali a irin wannan ciwo mutane da yawa suna nuna sauƙi ko da ƙwayar banza aka ba su. Sannan kowa da kowa an ba shi meloxicam, maganin ciwo da kumburi, a makonni 16 na farko. Na uku, kowane gida mutum arba'in ne ko kusa da haka, wanda ya yi kaɗan a yanke hukunci. Su kansu masu binciken gwajin share fage suka kira shi.

Bakatsine_77:
Dakta, amma ai a lissafin da suka yi na gidajen uku gaba ɗaya ba a sami bambanci mai ƙarfi ba. Wannan ba ya nufin balazur ya yi daidai da maganin asibiti?

Likitan_Gaɓɓai:
A'a ɗan'uwa, a nan mutane da yawa suke zamewa. Rashin ganin bambanci a cikin mutane kaɗan ba shaida ba ce cewa babu bambancin. Idan kana son nuna magani biyu daidai suke, tun farko ake tsara gwajin don haka, da adadin mutane mai yawa. Kuma da aka duba ma'aunai ɗaya bayan ɗaya, sauran biyun sun fi balazur. Ƙari a kan haka, hydroxychloroquine yana cikin masu rauni a magungunan wannan ciwo. Ginshiƙin magani shi ne methotrexate, kuma ba da shi aka gwada ba. Abin da zan yarda da shi daga gwajin shi ne: tataccen da aka sarrafa a masana'anta, a ƙarƙashin idon likita, tsawon wata shida, illolin da aka gani masu sauƙi ne, na ciki da na fata. Wannan abu ne mai amfani a sani, amma bai kai a ce ya hana gaɓɓai lalacewa ba.

Hajiya_Famasi:
Ina goyon bayan Dakta. Mafi yawan abin da ake yaɗawa da sunan "bincike ya tabbatar" daga ɓeraye ya fito, kuma kaso babba daga rukuni guda ne a Jami'ar Madras, ƙarƙashin Farfesa Sachdanandam. Su sun yi aiki ne da wani haɗin likitancin Siddha na ƙasar Tamil mai suna Serankottai nei, wato ƙwallon da aka tsarkake aka dafa a madara aka haɗa da man shanu. Yadda suke yi: a yi wa ɓera allurar matattun ƙwayoyin tarin fuka da aka dama a mai a tafin ƙafar baya, ƙafar ta kumbura, sai a ba shi maganin miligiram 150 a kowane kilo na nauyinsa tsawon kwana 14, a auna kumburi da alamomin jini. Kumburin ya ragu, wannan haka yake. Sai dai ciwon da aka ƙirƙira a ƙafar ɓera cikin mako biyu daban yake da ciwon da ya shekara goma yana cin yatsun mace. Magunguna da dama sun yi kyau a wannan gwaji suka faɗi da aka kai su ga mutane.

Wata matsala kuma ta lissafi. Wani zai ga 150 a kowane kilo ya ninka da kilo 60 ya ce giram 9 ke nan. Ba haka ake juya awon ɓera zuwa na mutum ba. Ana raba shi da 6.2 saboda bambancin faɗin jiki, sai ya dawo kamar miligiram 24 a kilo, wato ƙasa da giram ɗaya da rabi. Kuma wannan na tatacce ne a madara da man shanu. Ɗanyen ƙwallo kuwa, littattafan binciken gawa na Indiya suna sanya abin da ke iya kisa tsakanin giram 5 zuwa 10. Kuskuren ninkawa kaɗai ya isa ya kai mutum kabari.

Malamar_Kemistiri:
In ƙara a kan na Hajiya, akwai aikin da ya zo tsakanin ɓera da mutum. A 2006 masu bincike a birnin Lucknow suka ɗebi fararen ƙwayoyin jini da na ruwan gaɓa daga masu amosani, suka zuba musu tataccen balazur a kwanon gwaji. Ya rage fitar wasu saƙonnin kumburi biyu, IL-1 beta da IL-12, amma bai taɓa TNF da IL-6 ba. Wannan abin lura ne, domin TNF da IL-6 su ne waɗanda manyan alluran zamani na wannan ciwo suke toshewa. Shi kuma tetrahydroamentoflavone da na ambata, an nuna a kwalba cewa yana danne enzayim ɗin COX, wanda asfirin yake dannewa, da kuma xanthine oxidase mai haɗa sinadarin da ke taruwa a gaɓa ya kawo ciwon gawut. Wato akwai dalilin da zai sa a ci gaba da nema. Ba tatsuniya ce zalla ba.

Almajirin_Tarihi:
Allah ya gafarta malamai, ku ba ni dama in shigo ta ƙofar hadda, domin a nan ne abin ya taɓo mu. Balazur ba baƙo ba ne a littattafan ɗibbu na Musulunci. Ibn Sina ya kawo shi a cikin Al-Ƙanun, kuma an san shi da maganin mantuwa, har ana masa laƙabi da habbul fahmi, ƙwayar fahimta. Malaman da suka ambace shi sun ambaci haɗarinsa tare da shi. Marubucin tarihin nan Ahmad bin Yahya al-Balazuri, mai Futuhul Buldan da Ansabul Ashraf, wanda ya rasu wajen 892 Miladiyya, daga wannan ƙwallo laƙabinsa ya fito. An ruwaito cewa ya sha shi hankalinsa ya gushe a ƙarshen rayuwarsa, wasu kuma suka ce kakansa ne abin ya faru da shi. Ibn Khallikan ma ya kawo labarin wasu ɗaliban fiƙihu a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza da suka sha shi don ƙarfin hadda suka taɓu. Ina faɗin wannan ne saboda ɗalibi zai iya cin karo da sunan a tsohon littafi ya ɗauka abu ne kamar zabibi ko zuma.

Malam_Tsirrai:
Madalla da wannan, Malam. To ta ɓangaren gwaji fa, akwai abin da ya goyi bayan maganar hadda?

Malamar_Kemistiri:
Akwai, amma a kwalba. A 2012 wasu masu bincike da Jami'ar Vienna ta jagoranta, Adhami da abokansa, suka bi diddigin abin da ke danne acetylcholinesterase a cikin ƙwallon. Wannan enzayim shi ne yake rusa saƙon da jijiyoyin ƙwaƙwalwa suke aika wa juna, kuma shi ne magungunan cutar mantuwar tsufa irin su donepezil suke dannewa. Da suka ware sinadaran da ke yin aikin, sai ga shi catechol ɗin nan ne masu doguwar jela, wato dangin bhilawanol, masu ƙona fata. Wannan shi ne ƙullin da ke cikin maganar balazur: abin da ake zaton shi ne maganin, a wasu wuraren shi ne gubar. Idan ka wanke shi tas, wataƙila ka wanke aikin. Idan ka bar shi, ka bar ƙunar. Kuma ko donepezil ɗin ba ya ƙara wa mai lafiya hadda, masu cuta yake ɗan taimaka wa.

Mai_Nazarin_Ayurveda:
Jama'a, a yi wa masu abin adalci. Babu wani littafin Ayurveda da ya ce a ci ɗanye. Charaka, tsohon malamin Ayurveda, a babin magungunan ƙarfafa jiki, ya kwatanta shi da wuta, ya ce idan aka bi ƙa'ida yana zama kamar ruwan rai. Ya kawo hanyoyin sarrafa shi guda goma. A ta madara, ana tsinko ƙwallayen da suka nuna a ƙarshen bazara, a binne su a tarin sha'ir ko wake wata huɗu, sai sanyi ya shigo a fara amfani. A farfasa, a dafa a ruwa ninki takwas har ya rage kashi ɗaya cikin takwas, a tace, a haɗa da madara, kuma sai an shafe cikin baki da man shanu kafin a sha. Wannan shafa man shanun kaɗai ya nuna sun san yana ƙona baki.

Littattafan baya suka ƙara tsarkakewa, abin da suke kira shodhana. Ana zuba ƙwallayen a ruwa, a ɗauki waɗanda suka nutse a zubar da masu yawo a sama. A yanke hular da ke kai. A hanyar da aka fi bi a masana'antu, a jiƙa a fitsarin saniya kwana 7, a madarar shanu kwana 7, sannan a zuba a buhu da garin jan bulo a bar shi kwana 3 ana murzawa, a wanke da ruwan ɗumi, a shanya. Littafin Rasa Tarangini ya kawo ta garin bulo da kuma dafawa a ruwan kwakwa. An kuma hana shi ga mai ciki, ƙananan yara, mai zafin jiki, da lokacin zafi, kuma mai sha zai guji rana, yaji, tsami da gishiri.

Hajiya_Famasi:
Malam, ban musa ko ɗaya ba, kuma tsarkakewar tana da ma'ana ta fuskar kemistiri. Garin bulo yana tsotse mai, kitsen madara yana janye abin da ke narkewa a mai, yanke hular kuma yana buɗe wa man hanyar fita. An auna an ga ƙwallon yana rage nauyi bayan haka saboda man da ya fita. Matsalata ita ce babu ma'auni guda na inda za a tsaya. Laushin garin bulo, yawansa, ƙarfin murzawa, ko an canja madarar kullum ko ba a canja ba, duk suna sauya yawan man da ya rage. Kwalba biyu masu suna iri ɗaya za su iya bambanta nesa ba kusa ba. Ita kanta gwamnatin Indiya ta sa bhallataka a jerin abubuwa masu guba na Jadawalin E(1) a dokokin magunguna na 1945, kuma dole duk maganin sha da ke ɗauke da shi a rubuta a jikinsa cewa sai da kulawar likita.

Nas_Sashen_Fata:
Ita tsarkakewar ma tana cin masu yin ta. A 2012 mujallar AYU, wadda ta masu Ayurveda ce da kansu, ta buga rahoton mutum biyar da suka kamu da kumburin fata a matakai daban-daban na wannan aiki. Ba sai an taɓa da hannu ba, tururin dafawa da hayaƙin soyawa suna ɗauke da man zuwa fuska da fatar ido.

Ga yadda abin yake tafiya a fata. Man yana ƙonawa kai tsaye idan ya yi yawa, ya bar baƙin tabo. Sannan akwai ta biyu, wadda ta fi wahala: ya ratsa fata ya manne wa furotin, garkuwar jiki ta ɗauke shi abokin gaba. A karon farko ƙurajen kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin su fito, a karo na gaba kuwa awa 12 zuwa 72. Shi ya sa mutum yake rasa gane abin da ya jawo masa. Ja, ƙaiƙayi mai tsanani, bororo, kumburin ido da al'aura saboda hannu ya kai can. Ruwan bororon ba ya yaɗa shi. Abin da ke yaɗawa shi ne man da ya saura a ƙarƙashin farce, a wuƙa, a tsumma, a riga, kuma yana iya wata da watanni bai mutu ba. Idan ya taɓa mutum, a wanke nan take da sabulu mai yanke maiƙo da ruwa mai yawa mara zafi, a goge ƙarƙashin farce, a wanke tufafin daban da safar hannu. Idan ya kama fuska, ido, al'aura ko wuri mai faɗi, asibiti za a je. Likita kan ba da maganin steroid na mako biyu zuwa uku yana ragewa a hankali, domin idan aka yanke da wuri ƙurajen suna dawowa.

Ɗan_Damagaram:
Wanda ya san gasa ƙwallon yazawa ya san rabin wannan bayani. Man ɓawon yazawa yana saɓule fatar hannu, hayaƙinsa yana kumbura fuska, don dangi ɗaya ne. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, wanda ɓawon yazawa ko ƙaron mangwaro yake sa wa ƙuraje a leɓe da hannu, jikinsa ya riga ya san wannan iyali, kuma balazur zai iya tayar masa da abin da ya fi haka.

Almajirin_Tarihi:
Sunansa na Turanci ma, marking nut, daga aikin wanki ya samo asali, ma'anarsa ƙwallon sa alama. Masu wanki na Indiya, dhobi, suna huda ƙwallon su ɗiga man a kan tufa don gane kayan kowa, su bi da ruwan farar ƙasa ya kama. Idan ya sha iska yana yin baƙi ƙirin, ruwa ba ya fitar da shi. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka da ke Indiya suka riƙa fitar da ƙuraje a bayan wuya da ƙugu, daidai inda alamar take a wuyan riga da bakin wando. Livingood da abokansa suka rubuta rahoton a mujallar JAMA a 1943. A wannan shekarar mujallar ta buga wani rahoton na wasu ma'aikata da suka kamu bayan man ya zube a kan wasiƙu. Alamar tufar nan ɗigo ɗaya ce da aka wanke aka goge, amma bai daina aiki ba.

Bakatsine_77:
To basir fa? An ce hukumar binciken lafiya ta Indiya ta yi babban gwaji a kansa kuma ya yi nasara.

Likitan_Tiyata:
An gauraya abu biyu, ɗan'uwa. Gwajin da hukumar ICMR ta buga a 1991 na kshara sutra ne, wani zare da ake shafe wa da ƙaron tsiron snuhi, tokar tsiron apamarga da kurkur, a zura shi a ramin ƙurjin da ke huda gefen dubura. Ba basir ba ne, kuma babu balazur a wannan zaren. Sushruta, tsohon malamin tiyata na Ayurveda, ya ambaci bhallataka a maganin basir, wannan gaskiya ne, amma ambato a littafi daban, gwaji daban. Ina roƙon kowa, kada a shafa wannan mai a dubura. Fatar wurin siririya ce, tana tsotsewa da sauri, kuma ƙuna a wurin tana iya warkewa da tabon da zai tsuke hanya.

Likitan_Gaɓɓai:
Kuma abin ba ya tsayawa a fata. A 1979 likitoci biyu a Indiya, Matthai da Date, suka buga rahoton mutuwar ɓawon ƙoda bayan taɓa ruwan wannan bishiya. Alamomin da ake tsoro su ne fitsari ya yi duhu ko ya zo da jini, ya ragu, ko ya ɗauke. Idan an haɗiye kuwa, bororo a baki da maƙogwaro, amai, gudawa, faɗuwar hawan jini. An kuma san shi a cikin abubuwan da ake cusawa don zubar da ciki, da mummunan sakamako.

Maman_Ɗalibai:
Ni abin da ya fi damuna shi ne maganar sankara, don ita ce take sa iyali su sayar da gona. Me aka gani a kai?

Hajiya_Famasi:
Yaya, rukunin Madras ɗin nan ne dai suka fi yin aikin. Sun jawo wa ɓeraye sankarar hanta da aflatoxin B1, gubar funfunar da mu ma muke fama da ita a gyaɗa da masarar da ba ta bushe da kyau ba, suka kuma jawo ta mama da wani sinadari mai suna DMBA. Da suka ba da tataccen madarar, alamomin jini da na hanta sun gyaru. A kwanon gwaji kuma man yana kashe ƙwayoyin sankara iri-iri. Sai dai abin da ke ƙona fata ba abin mamaki ba ne ya kashe ƙwaya a kwano. Tambayar ita ce ko zai kashe ta sankara ya bar ta lafiya, a awon da ƙoda za ta iya ɗauka, kuma ya ƙara wa mutum kwana. Wannan sai gwaji na mutane masu yawa da aka raba da ƙuri'a, kuma balazur bai tsallake wannan mataki ba. Mai ƙullutu a mama da ta tsaya shan wannan wata shida, ta ba ciwon wata shida ne kyauta. Kada kuma wani ya ji an ambaci aflatoxin ya ɗauka rigakafi ne. Rigakafin wannan shi ne busar da amfanin gona sosai, tsince ruɓaɓɓu, da allurar ciwon hanta nau'in B.

Mai_Nazarin_Ayurveda:
Na yarda da batun jinkiri, Hajiya. Abin da nake ƙi shi ne a rufe ƙofar gaba ɗaya. Ƙarancin gwaji a kan mutane yana da dalili: babu kamfanin da zai zuba kuɗi a abin da ba zai mallaka ba. Kuma a Ayurveda da wuya a ba da shi shi kaɗai, yana shiga haɗe-haɗe ne kamar Amrita Bhallataka da Sanjivani Vati, tare da tsarin abinci. Gwajin Pune ya gwada shi shi kaɗai ne.

Likitan_Gaɓɓai:
Wannan hujja ce mai kyau ta a sake gwaji, Malam, kuma ana iya gwada haɗin da tsarin abincin gaba ɗaya, ba abin da ya hana. Kuɗin gwajin Pune ma daga gwamnatin Indiya ya fito, ba daga kamfanin waje ba. Amma kafin a yi, wanda ke gabana da yatsu a kumbure ba zan ce masa ya ajiye abin da aka tabbatar ya kama abin da ake sa rai ba, domin gaɓar da ta cinye ba ta dawowa.

Malamar_Kemistiri:
Ba a taɓo ƙarfin namiji ba, kuma yana cikin tambayar farko. A 2003 Sharma da Verma da Dixit suka buga aiki a Asian Journal of Andrology. Sun ba ɓeraye maza tataccen ƙwallon kwana 60, a awo uku, miligiram 100, 200 da 300 a kilo. Yawan ƙwayoyin maniyyi da motsinsu suka ragu, haɗa maniyyin ya tsaya a maraina. Wato su ta fuskar hana haihuwa suke kallonsa. Idan za mu karɓi shaidar ɓera a kan kumburi, sai mu karɓe ta a nan ma.

Nas_Sashen_Fata:
Ga masu duba kwalba: sunan yana zuwa da fuska da yawa, Bhallataka, Bhallatak, Bhilawa, Bibba, Serankottai, Baladur, ko a jerin kayan haɗi a ga Semecarpus. Idan an rubuta shuddha a gabansa, ana nufin wanda aka tsarkake. A Najeriya kuma lambar NAFDAC a kan maganin gargajiya ba ta nufin an tabbatar yana warkarwa, shi ya sa ake rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Malam_Tsirrai:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Malamar_Kemistiri, maganarki ta ɗazu ce ta tsaya mini. Idan biflavonoid ɗin nan daban suke da bhilawanol, ana iya raba su a gwada na kumburin shi kaɗai ba tare da mai ƙunar ba?

Malamar_Kemistiri:
Ana iya rabawa, Malam, kuma haka masu ware shi suke yi. A fara wanke garin da wani ruwan narkarwa mai suna hexane, wanda yake kwashe mai da catechol masu jela, sannan a bi da ethyl acetate ko methanol a janyo biflavonoid, a tace ta bututun silika. Inda aikin yake tsayawa shi ne gaba da nan. Irin waɗannan sinadarai manya ne, ba sa narkewa sosai a ruwa, hanji ba ya tsotse su da yawa, hanta kuma tana saurin sauya abin da ya shiga. Sai an auna nawa ne yake isa jini bayan an haɗiya, awa nawa yake yi, sannan a san ko abin da aka gani a kwalba zai iya faruwa a gwiwar mutum. Kuma dole a auna ragowar bhilawanol a kowane kashi da aka haɗa, domin wanda jikinsa ya riga ya san shi, ɗan kaɗan ya ishe shi.

Mai_Nazarin_Ayurveda:
Idan aka cire man gaba ɗaya, masu Ayurveda za su ce wannan ba bhallataka ba ne kuma, tunda zafin nan da kaifin su ne suke dangantawa da aikinsa a kan majina da toshewa. Sai a gwada duka biyun gefe da gefe, wanda aka tsarkake da garin bulo da wanda aka wanke da hexane, a ga wanne ya rage kumburi, wanne ya fitar da ƙuraje.